Wasiƙa daga bakin Tekun Fasifik

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Ka ce in gaya maka abin da ke fitar da ni gida da asuba a wannan sanyin, to ga shi.

Idan ruwan teku ya ja baya, yakan bar ƙananan kududdufai a tsakanin duwatsu. A nan nake tsugunawa da tocila ina neman wata 'yar halitta, dangin dodon koɗi ce amma ba ta da ƙoƙo a bayanta. Tsawonta bai wuce santimita 3 ba. Launinta ruwan hoda ne mai haske, jikinta duk tsiro-tsiro masu laushi, in ruwa ya kaɗa su sai ka rantse fure ne ya faɗo. An sa mata sunan Hopkins, attajirin da ya ba da kuɗin gina tashar binciken teku a gaɓar Monterey da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma tun 1905 masana suka rubuta bayaninta.

Launin nan daga abincinta yake. Wasu mitsi-mitsin halittu take ci, masu manne wa dutse kamar gansakuka, su ma ruwan hoda ne. Har ƙwanta haka yake, ta nannaɗe shi kamar gammo.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne inda na gan ta. Mazauninta daga Baja ta ƙasar Meziko ne zuwa kudanci da tsakiyar Kalifoniya. A da, in ka wuce San Faransisko ka yi arewa, da wuya ka ci karo da ita, sai a shekarun da ruwa ya yi ɗumi, kamar 1983 da 1998. Amma da tekun ya ɗau zafi a 2014 da 2015, sai ga ta rututu a arewacin Kalifoniya, har jihar Oregon. Ba rarrafe ya kai ta can ba. 'Ya'yanta in sun ƙyanƙyashe yawo suke cikin ruwa, igiyar ruwa ta kwashe su, inda ɗumi da abinci suka haɗu nan suke sauka.

Shekaranjiya a Bodega, arewa da San Faransisko, na daɗe ina kallon wata a ƙarƙashin dutse, yatsuna sun ƙage don sanyi. Wallahi na yi murna, amma raina bai kwanta ba, don ɗumin da ya kawo ta shi ne ya taimaka wajen halaka dazuzzukan ciyawar teku na wannan gaɓar.

Zan turo maka hotonta ka nuna wa yara. Ka gaida mutanen gida, a sa mu a addu'a.

Naka,
Amininka