Ƙwayar cuta a jini ba ta jiran gobe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bara ƙanena ya kwanta a wani asibiti nan Sakkwato da zazzaɓi mai zafi. Kwana uku ana ba shi maganin cizon sauro, numfashinsa na ƙara sauri, hankalinsa na gushewa. Sai da wata nas ta matsa aka kai jininsa ɗakin gwaji, aka gano bakteriya ce ta shiga jini. Allah Ya sa da sauran kwana.

Wannan ciwo, da likitoci ke kira sefsis, sa'o'i yake ƙirgawa. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jinin gwaji, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take, da ƙarin ruwa. Mu kuwa sai da na fita neman kemis da tsakar dare. Robar ƙarin ruwa da ta daɗe a hannu ba dubawa ma ƙofar cuta ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sefsis ya kashe kimanin mutum miliyan 11 a 2017. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta ajiye waɗannan magunguna a ɗakunan gaggawa, a fara magani kafin zancen kuɗi.

Naku,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato