Kira ga ma'aikatan jinya masu shirin tafiya Yamai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Katsina. Bara na samu aiki a wani asibiti a Yamai, alhali ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba. Na ɗauka Hausa za ta fisshe ni. Wajen majinyata kam ta fisshe ni, amma katin magani da rahoton likita duk Faransanci ne. Daren farko na ga 2,5 a katin wata yarinya, hannuna na rawa na tambayi abokiyar aikina. Ashe waƙafinsu shi ne ɗigonmu, wato biyu da rabi. Ran ɗiyar mutane ne fa.

Don Allah 'yan'uwa, ku fara shiga aji a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française da ke Kano kafin ku taho.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya, Yamai