Sabon malami na buƙatar wanda zai riƙa masa hannu a aji

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan malaman firamare, domin kullum zargi ake ɗora musu amma ba a tambayar wa ya koya musu aikin.

A 2017 gwamnatin El-Rufa'i a Kaduna ta yi wa malamai jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su aka ɗebo sababbi. Ni ban ce a bar wanda bai iya karatu ba a aji, to amma shi sabon da aka ɗauko fa? Yaro ne ya gama karatun malanta na NCE jiya-jiya, a miƙa masa alli da rajista a tura shi aji biyu, yara maƙil wasu a ƙasa wasu a bakin taga, ya cika allo da rubutu ya juyo ya ce kun gane, su kuma su haɗa baki su ce eeeh, shi ke nan an gama darasi, alhali in ka ja yaro ɗaya gefe ka nuna masa "ba" da "bi" sai ya tsaya yana kallonka.

Abin haushin ma muna da tsarin a gida. A makarantar allo malam kan kira yaro shi kaɗai ya biya masa, kuma ba ya wanke allonsa sai karatun ya zauna. Gardi ma ba rana ɗaya yake zama malam ba, yana biya wa ƙanana malam na zaune yana ji, in ya yi kure a gyara masa nan take.

Tun shirin ilimin firamare ga kowa na UPE a 1976 muke saurin cika azuzuwa, har shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ya zo a 1999, kwalejojin horon malamai masu ba da takardar shaidar Grade II kuma aka daina, hukumar rajistar malamai ta TRCN na ba da lasisi, amma lasisi kam ba ya shiga aji ya ga yadda kake koyarwa. Bitar kwana uku a otal da alawus ma, a gaskiya, yawanci alawus ɗin ake tunawa.

Roƙona ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, duk sabon malami a haɗa shi da tsohon hannu a makarantarsu tsawon shekarar farko, tsohon ya zauna a bayan aji ko sau ɗaya a mako, in an tashi su tattauna su biyu ba a gaban yara ba. A rage wa tsohon darussa a ɗan saka masa wani abu a albashi, in ba haka ba wallahi ba zai yi ba, shi ma yana da iyali. Sufetoci kuma in sun zo su rage duba littafin shirin darasi, su kira yara biyar su ba su karatun Hausa su ji da kunnensu.

Na gode,
Wani tsohon hedimasta, daga Zariya