Ku rage nauyin hotunanku, ba wayoyinmu ke da laifi ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Asabar ya ɓata mini rai, mai gabatarwa kuma ya bar shi yana ta zuba, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Wai in shafinku na intanet ya ƙi buɗewa, mu canza waya ko mu ƙara sayen mega. Haba! Da kuɗin wa?

Ni albasa nake saye ina sayarwa. Abin da ke kai ni shafinku farashin kasuwa ne, layi uku kacal, amma sai na zauna jiran hoton manya a wurin taro ya gama saukowa kaɗan-kaɗan, kamar ana sauke buhuna daga tirela. In ina Galmi ko kan hanyar Ƙonni, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ko saukowa ba ya yi, kiredi kuwa ya riga ya tafi. Abin haushin ma, shi kansa farashin ba ku rubuta shi, hoton takardar kuke ɗauka ku ɗora.

Ɗana mai karatun kwamfuta ya duba mini. Yadda aka ɗauki hoto, haka kuke sa shi. Waya mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000, nauyinsa kan kai mega 3 ko 4, alhali fuskar wayata ba ta buƙatar ko rabin wannan faɗin. A maido shi 1200, a matse, sai ya dawo wajen kilobait 200, ido ba zai rarrabe ba. Kuma ba sabon ilimi ba ne: JPEG, wato tsarin matse hoto, tun 1992 ake da shi, WebP kuwa, wanda ya fi shi rashin nauyi, Google ta fito da shi a 2010. Shafukan intanet irin su Squoosh da TinyPNG kyauta suke wannan aikin. WhatsApp da kanta take matse hoto kafin ta tura, shi ya sa hoton biki ke isa ƙauye, naku bai isa ba. Me ya hana baƙonku faɗin haka? Ku dawo da shi ya amsa, amma ku fara gyara gidanku.

Sannan, don Allah, kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin sanarwar rasuwa ya yi ƙara. Tsofaffinmu ba sa jin sunan mamaci, balle lokacin jana'iza.

Mai sauraronku,
daga Tawa