A kulle bayanan da ke rumbun intanet, amma da wa'adi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin bankuna, asibitoci da hukumomin gwamnati da suka mayar da ajiyar bayanansu rumbunan intanet na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft.

Masu kutse da ke garkuwa da bayanai sun daɗe da gane cewa wanda yake da lafiyayyen kwafi a gefe ba zai biya kuɗin fansa ba, shi ya sa sukan fara da goge kwafin ajiya kafin su rufe na aiki. Maganin wannan shi ne tsarin da ake rubuta bayani sau ɗaya, a riƙa karanta shi, amma ba a iya sauya shi ko goge shi sai wa'adinsa ya cika. Amazon ya fito da irin wannan makulli mai suna Object Lock a 2018, kuma a matakinsa mafi tsauri ko mai asusun kansa ba ya iya goge fayil. Wannan yana toshe ƙofar ɓarawon waje, yana kuma ɗaure hannun ma'aikacin da ke son ɓatar da sawun almundahana, wanda a ganina ya fi zama abin tsoro. Hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta taɓa shimfiɗa wa dillalai irin wannan sharaɗi a 1997.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa cibiyoyin kuɗi a Najeriya adana bayanan hulɗa na aƙalla shekara 5, yayin da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, ta kuma ba shi damar neman a goge su. Bankin da ya kulle komai na shekara 20 saboda tsoron masu kutse zai wayi gari doka tana umartar sa da gogewa, makulli kuma ya ƙi buɗuwa, ga kuɗin ajiya yana ta hawa.

Don haka ina kira ga Babban Bankin Najeriya da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa su zauna tare su fitar da ƙa'ida guda wadda za ta fayyace irin bayanan da dole a kulle da tsawon wa'adin kowannensu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kaduna