Daga Ansan, Koriya ta Kudu: a mayar da Abba makaranta

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sanyi ya shigo, an mayar da ni aikin dare, amma da sauƙi.

Jiya na turo naira dubu 300 ta asusunka. Dubu 180 kuɗin makarantar Abba ne, dubu 70 na maganin Inna, sauran ka ba Maman Abba ta yi cefane.

Yaya, labari ya iso ni, kuma ba daga bakinka ba. Wai tun bayan Babbar Sallah Abba bai taka makaranta ba, Gwaggo ta ce iska ce, ana kai shi wajen mai magani ana masa hayaƙi. Yaron da ƙarar injin markaɗe ke sa shi toshe kunne yana kuka, shi za a rufe a ɗaki da turare? Likita ya gaya mana galahanga ce, larurar da ake kira autism da Turanci, kana wurin.

Ka yi haƙuri, na san kai ke ɗauke da gidan, ni ina nan ina ba da umarni ta waya. Shekara huɗu ban ɗora hannu a kan yaron nan ba.

Akwai wani wasan talabijin na nan Koriya da nake so ku kalla, sunansa Extraordinary Attorney Woo. A 2022 aka yi shi, kashi 16 ne, yana kan Netflix da rubutun Turanci a ƙasa. Auta ta buɗe a wayarta ta riƙa fassara wa Inna da Gwaggo, zan sa mata data.

Labarin wata lauya ce mai irin larurar Abba, mahaifinta shi kaɗai ya rene ta. Ba ta yi magana ba sai tana shekara 5, ranar da mai gidan da suke haya ya kai wa uban duka, sai ta buɗe baki ta karanto dokar laifin raunata mutum, wadda ta haddace daga littattafansa. Ita ta zo ta ɗaya a karatun lauya a Jami'ar Ƙasa ta Seoul, amma ta yi wata 6 ba wanda ya ɗauke ta aiki. Akwai dariya sosai. Ƙofar ofishinsu irin mai juyawa ce, ta tsaya ta rasa yadda za ta shiga, sai da wani abokin aiki ya koya mata ƙirga taku. Kowace hira sai ta karkatar da ita kan manyan kifayen teku, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, kamar dai Abba da motocinsa na gwangwani. Abincinta ɗaya, kimbap, shinkafa ce naɗe a ganyen teku, don tana ganin duk abin da ke ciki. Na tuna yadda ake dukan Abba don ya ƙi miya, na kasa ƙarasa kashin a daren.

Ban ce Abba zai zama lauya ba. A kashi na 3 ma sun nuna wani saurayi da tasa larurar ta yi tsanani, da ƙyar yake magana, kowa da irin tasa. Uban nake so ka kalla da kyau, yadda yake zama da ita ba tsawa. Akwai ɗan wurin soyayya can gaba, Auta ta wuce shi.

Don Allah ranar Litinin ka kai shi da kanka, ka biya, ka turo min hoton rasit. Dubu 180 ɗin nan ba na mai magani ba ne, ko Gwaggo ta yi fushi ka ce ni na hana, zan kira ta da kaina. In akwai abin toshe kunne a kasuwar waya, ka saya masa, zan biya a ƙarshen wata.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a. Daren Juma'a ku ba Abba wayar, ko bai ce komai ba a bar min shi a layi.

Ƙaninka