A Rubuta Wa Ma'aikaciya Mai Goyo Haƙƙinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don mu yi magana da shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni kan ma'aikaciya mai goyo. A wurare da dama, sauƙin da take samu ya dogara ne ga halin ogan da ke kanta. In mai tausayi ne ya bar ta ta tashi da wuri, ranar da aka canza shi kuma sauƙin ya bi shi. Kiranmu shi ne a rubuta komai cikin ƙa'idojin aiki.

Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce kada hutun haihuwa ya gaza mako 14, shida daga ciki bayan haihuwa, kuma kada kuɗin da za a biya ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi. Abin da aka fi tsallakewa a cikinta shi ne wa zai biya. Ta fifita a biya daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmalin gwamnati, domin in aka ɗora wa mai kamfani shi kaɗai, sai ya fara gudun ɗaukar mata masu shekarun haihuwa ba tare da ya faɗa ba. Haka abin yake ga gidan raino. Dokar ƙasar Chile ta wajabta shi ga kamfanin da ke da mata 20, lissafi kuwa sai ya nuna wa mai kamfani ya tsaya a 19. Dokar Indiya ta 2017 ta ƙirga ma'aikata 50 ne, maza da mata, kuma mu wannan ya fi kwanta mana.

Sai shayarwa, inda aka fi yin sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata shida. Mako 14 kuwa wata uku ne da 'yan kwanaki, ke nan uwa za ta koma aiki da sauran kusan wata uku. In jaririn ba ya kusa, dole ta tatsi nono kamar duk bayan awa uku, sau biyu ko uku a yinin aiki na awa takwas. Tatsar tana cin minti 15 zuwa 20, in aka haɗa da wanke hannu da kayan tatsa a ware mata rabin awa. Yarjejeniyar nan ta ce lokacin shayarwa lokacin aiki ne, ba a cire shi daga albashi.

Ɗakin da ake bukata ba wani abin kashe kuɗi ba ne: ƙofa mai sakata, kujera, ƙaramin tebur, soket, ruwa da sabulu, sai firij. Ban da banɗaki, wanda dokar Amurka ma ta hana a tura uwa cikinsa. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana huɗu a firij, har awa 24 a kula mai ƙanƙara. A manna takarda mai suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba. In aka riƙe uwa a taro lokacin tatsa ya wuce, nono yana cika ya ƙulle, wani lokaci ya kumbura har da zazzaɓi, kuma in abin ya yawaita ruwan nonon sai ya ja baya.

Game da sassauta lokutan aiki, abin da ya fi aiki shi ne a tsayar da sa'o'in da kowa zai kasance a ofis, misali goma na safe zuwa uku na rana, a yi duk taro a cikinsu, sauran sa'o'in kowa ya cika da safe ko da yamma. Mai dawowa daga hutu ta fara da kwana uku a mako na tsawon wata guda. Amma a kula, sau da yawa ana rage mata kwanaki da albashi a bar mata aikin kwana biyar, don haka a rubuta ayyukan da aka sauke mata da wanda zai ɗauka. Aiki daga gida kuma yana rage wahalar hanya ne kawai, jariri yana nan yana bukatar mai raino. Masu aikin karɓa-karɓa, kamar nas-nas da ma'aikatan masana'anta, ba su da wannan zaɓin, nasu sauƙin shi ne a fitar da jadawali mako biyu kafin lokaci, a kuma yarda su yi musanya a tsakaninsu.

A sa wa'adin amsa. A Birtaniya, tun Afrilun 2024 ma'aikaci yana iya neman sassauci daga ranar da ya kama aiki, kuma dole a yanke hukunci cikin wata biyu. Inda babu wa'adi, takarda takan kwana a durowa har a yaye yaron.

Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa gibin albashi tsakanin maza da mata yana buɗewa ne musamman bayan haihuwar fari. Saboda haka a buɗe wannan sauƙi ga iyaye maza, kamar yadda Suwidin ta ware wa uwa da uba kowannensu kwana 90, cikin kwana 480 na hutun renon jariri, da ba a iya miƙa wa ɗayan. A kuma rubuta ƙarara cewa watannin hutun haihuwa suna cikin lissafin ƙarin girma da fansho.

Wassalam,
Wasu jami'an kula da harkokin ma'aikata